Zanen Habu Bai Karkace Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarku. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa Legas ta karɓe ku hannu biyu.

Na ce wa maigidanki kada ya ba ki ita sai mota ta fita daga Kano, don na san hali. In kina gida, rabi za ki karanta ki faɗo zaure ki tsaya mini a ka da gardama. A mota kuwa ba ki da abokin musu sai gilashi.

Ummanki ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka miƙa mini allura aka ce ga gadon gidanmu. Ita kuwa da bokon da ta koyo a ajin yaƙi da jahilci take rubutun, ajin da na ce ba za ta je ba, ta kai ƙarata wurin yayana, ta je. Ga ta nan tana murmushi, tana jira in ce na yi kuskure. Ban ce ba. Na dai ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Abin da na gani ran Juma'a ne ya hana ni sukuni. Kin zo sallama, kina tsugune a tsakar gida kina wankin kayan yarinya. Da kika miƙe sai kika dafa bango, kika runtse ido, kika tsaya kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. Kin ɗauka ban gani ba don idon dama ya gaza. Na hagu yana nan. Na ce, "Uwata, lafiya?" Kika ce, "Gajiya ce, Baba."

Wannan amsar tawa ce. Shekara da shekaru ina ba mutane ita, ban san kin gada ba. Kuma na san tun kina da ciki aka ce an ga suga a jininki, aka ce ki koma awo bayan arba'in. Yarinya har ta fara zama, ba ki koma ba. Kada ki ga laifin Ummanki, matsa mata na yi ta faɗa.

Mai yiwuwa gajiyar ce da gaske, mai jego ba ta rasa gajiya. To amma ba ke za ki yanke wannan hukunci ba, ba kuma ni ba. A bar mai awo ya faɗa. Ni dai zan gaya miki hanyar da na bi har na zo inda nake, ki ji ta daga bakina, ba daga bakin 'yan majalisa ba, don su ƙari suke yi.

Ni a wajen awon maniyyata aka fara gaya mini, shekarar da na sauke farali. Wani ma'aikacin asibiti ya soki yatsana ya duba wata 'yar na'ura ya ce, "Baba, suganka ya hau." Na ce, "Ni da ko rake ba na sha?" Ya ce ba a rake kaɗai yake ba. Aka ba ni ƙwayoyi, na sha har na dawo daga Makka, don kada in faɗi a ƙasar mutane. Da na dawo na duba jikina, ba inda ke ciwo. Na ce mutum lafiyarsa ƙalau ya zauna yana haɗiyar ƙwaya safe da yamma kamar kaza? Na yi lissafina ni kaɗai, na ce tunda zaƙi ne ciwon, ɗaci ne maganinsa. Sai na koma jiƙa maɗaci ina sha, ina yamutsa fuska, ina jin na yi dabara. Tuwo kuwa ban rage ko loma ba.

Uwata, ciwon nan ba ya sallama. Gara ce a cikin azara. Ki dubi rufin ɗaki ki gan shi fes, ashe ciki ya zama gari. In an ba ki magani ki sha ko ba kya jin komai, domin rashin jin ba lafiya ba ne. In kuma kina son jiƙonki na gargajiya, ki gaya wa likita abin da kike sha, kada ki ɓoye.

Jiki magayi ne, kuma nawa ya gaya mini, sau nawa ma. Ni ne dai duk abin da ya faɗa sai in nemo wanda zan ɗora wa.

Da farko gumi ne. Kin san yadda muke cin abincin rana a zaure, mu masu aikin babbar riga, kowa da kwanon gidansa a haɗa. Sai na ga da na kai loma ta farko, goshina da wuyana sun jiƙe sharkaf, ko da sanyi ake. Malam Habu mai zane, mutumin Madabo, wanda yake kawo miki goruba kina ƙarama, shi ne sarkin tsiya. Sai ya ce, "Malam Sule, tuwo kake ci ko huɗa kake yi?" A yi ta dariya. In ce yaji ne ya yi yawa, in shigo gida in yi wa Ummanki faɗa. Ta rage yajin har miya ta zama ruwa, gumin bai fasa ba. Ƙafafuna kuwa suka daina gumi ɗungum, suka bushe suna tsagewa. Har alfahari nake, ina cewa ni takalmina ba ya wari.

Sai jiri. In na ɗago daga sujada zan miƙe, masallaci ya yi mini duhu, in ji kamar an janye tabarma daga ƙarƙashina. A lokacin ba a daɗe da sa mana sabon liman ba, yaro ne, na san ranar sunansa. Na ce ai shi ne, salla yake kamar ana korarsa. Na tare shi bayan Azahar na ce, "Malam, a riƙa sassautawa, akwai dattawa a baya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba. Amma in miƙewar na ba ka wuya, ai ya halatta ka yi a zaune." Ni, in yi salla a zaune, a gaban yaran da na ga haihuwar iyayensu. Na ɗauki takalmina na koma masallacin ƙasan layi. Jirin ya bi ni can.

Haka in na shigo daga rana na faɗa zaure, sai in tsaya kamar an rufe ni a rumbu, kowa na gani ni ban fara ba. Ummanki ta ce lalle in sa a rubuta cewa na sha yin ƙwallo da buta in ce ita ta ajiye mini a hanya da gangan. To an rubuta. Amma butar nan ba wurinta ba ne.

Shawarata a nan gajera ce. In abu ya bi ki daga wannan masallaci zuwa wancan, ba liman ba ne.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Kina makaranta lokacin, abin da kika ji kawai shi ne Babanki da Malam Habu sun ɓata.

Kin san aikinmu hannu biyu ne. Mai zane ya zana a kan yadi da alƙalami, mai allura ya bi zanen da zare. Tun muna samari Habu ke zana mini, ban taɓa sa wani ba. Wani ɗan kasuwa a Kurmi da ya daɗe yana ba mu aiki ya kawo farar shadda mai tsada ya ce aska takwas yake so, aikin hannu, ba na inji ba. Aska ai kin san ta, dogayen tsinin nan da ke sauka daga wuyan riga zuwa aljihu. Duk kyan rigar a miƙewarsu yake. Habu ya zana ya aiko.

Ina da wata al'ada tun ina yaro. In zan duba miƙewar layi, sai in kanne idon hagu in auna da na dama, kamar maharbi. Na shimfiɗa rigar, na kanne, sai na ga kowace aska ta lanƙwasa a tsakiya kamar sawun maciji a rairayi. Dama ina jin haushin Habu, don ya fara yi wa masu ɗinkin inji zane, na ce ya raina sana'ar iyayenmu. Sai na ce a raina, ga shi nan, hannunsa ya lalace, ko kuwa so yake ya kunyata ni a koma wa injinansa. Ban aika masa ba, ban tambaye shi ba. Na ce zan nuna masa allura ta fi alƙalami. Duk inda na ga layi ya karkata dama sai in ja zarena hagu, ina gyarawa. Haka na yi makonni a duƙe.

Ranar karɓa, mai riga ya zo, Habu ya zo, 'yan majalisa na zaune. Na warware ta a tabarma ina jiran yabo. Sai na ga kowa ya ƙura wa rigar ido. Can Habu ya fashe da dariya ya ce, "Malam Sule, waɗannan asake ne ko lauje?"

Na ce, "Karkataccen zanenka na bi ina gyarawa, mara kunya."

Ya ce, "Zanena?" Ya zaro zare daga ƙunshina, ya ba mai riga baki ɗaya ya riƙe ɗaya, suka ja shi tsam a kan sawun tawadar da ke leƙowa ta gefen ɗinkin. Ya ce, "To duba."

Na kanne ido na duba. Na ce, "Har zaren naka a karkace yake."

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Habu ya saki zaren ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sule, duba da ɗayan idon."

Na ce ya fitar mini daga zaure. Ya fita.

Sai da kowa ya watse na tsaya gaban ƙofar zauren, wadda ubana ya kafa, na san a miƙe take. Na rufe hagu, ƙofa ta lanƙwasa, tsakiyarta kuma kamar an shafa mai. Na rufe dama, ta miƙe. Na daɗe a tsaye ina yi, kamar yaro mai wasa.

Zanen Habu bai karkace ba. Wannan na yarda, ga shi ma a rubuce. Amma dariyar da ya yi mini a gaban mai kaya, har yau bai zo ya ce yi haƙuri ba. Ummanki ta ce ya zo sau biyu na ce a ce ba na nan. Zuwa daban, ba da haƙuri daban.

Ke dai ki riƙe wannan. Ki samu ƙofa ko taga a sabon gidanku wadda kika tabbata a miƙe take. Lokaci lokaci ki rufe ido ɗaya ki dube ta, ki sake ɗayan. Ido biyu suna rufa wa juna asiri, mai lafiya yana ɗauke wa mara lafiya aiki har sai abu ya yi nisa. Kuma in kika ga wani ya karkace miki, ko maigidanki ne ko maƙwabciya, ki duba da ɗayan idon kafin ki buɗe baki. Ni na yi asarar riga, da mai riga, da mai zane, duk a wuni ɗaya.

Kina tsammani washegari na tafi asibiti? Kwalli na sa aka nemo mini, wai mai wanke ido. Na kira wanzami ya kafa mini ƙaho a gefen goshi ya ce mataccen jini ne. Na sayi tabarau a bakin kasuwa, na gwada ya fi goma, kowanne ƙara mini girman karkatar yake. Sai da damina ta wuce, rannan Ummanki ta yafa mayafi ta ce adaidaita sahu na jira a bakin titi, ko in tashi ko ta tafi gidan yayana. Kin san ba na son maganata ta kai can. Na tashi.

A asibitin ido aka shigar da ni wurin wata likita, yarinya, ba ta girme ki ba. Raina ya ɓaci, na ce duk dattawan garin nan a rasa wanda zai duba ni sai wannan. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ɗiga mini wani magani da ya buɗe ƙwayar idon, ta sa na kafa haɓa a jikin wata na'ura, ta ɗauki hoton can ciki. Sai ta juyo ta ce, "Baba, in ka miƙe tsaye kana jin jiri?"

Na dubi Ummanki. Ummanki ta ce, "Yana ji."

"Kana gumi in kana cin abinci?"

"Kamar an watsa masa ruwa," in ji Ummanki.

"In ka shiga duhu, idonka na daɗewa kafin ya saba?"

Na ce, "'Yar nan, ido na kawo miki. Likita ce ke ko bokanya?"

Ta yi dariya ta ce, "Likita ce, Baba. Kwanta in auna jininka." Ta auna ina kwance, ta sa na miƙe ta sake aunawa, ta nuna wa Ummanki yadda ya faɗo. Ta tura ni wani ɗaki aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ce in ja numfashi mai tsawo in sake, in ja in sake.

Da muka dawo ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma zan faɗa miki yadda na riƙe shi. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo a jikin mutum iri biyu ne. Akwai waɗanda kake ba umarni, ka ce wa hannu ɗauki allura ya ɗauka. Akwai kuma waɗanda ba sa jiran umarninka, kana barci kana farke aikinsu suke. Su ke ce wa zuciya ƙara sauri ko sassauta. Su ke matse hanyoyin jini in ka miƙe, don jini ya kai ga kai. Su ke sakin gumi su tsayar da shi. Su ke buɗe ƙwayar ido in ka shiga duhu. Har jinin da ke ciyar da bayan ido ta ƙarƙashi, ta ce suna da hannu a tafiyarsa. Nawa, suga ya daɗe yana cinsu.

Ta ce zuciyar mai lafiya tana sauya taku da numfashinsa, tawa kuwa taku ɗaya take yi. Sai na tuna muna samari muna tseren hawa Goron Dutse, in kai sama ƙirjina na dukan tara tara, in zauna kaɗan ya kwanta. Yanzu ina zaune ina tafe, bugu ɗaya ne, kamar injin markaɗe da aka manta a kunne.

Sannan ta nuna mini hoton. Ta ce a can bayan ido akwai wani siririn tantani, a kansa hoton duk abin da ka kalla yake sauka. Suga ya raunana ƙananan hanyoyin jininsa suna yoyo, tsakiyarsa ta kumbura. Na ce, "Wato kamar yadi ya jiƙe ya tattare, zanen da ke kansa ya lanƙwasa?" Ta ce kusan haka ne.

Na ce, "To jirin ne ya kawo ciwon idon, ko idon ne ya kawo jirin?"

Ta ce, "Masana ba su gama rabe wannan ba, Baba. Abin da muka sani, suga ke cin su biyun, kuma sau da yawa tare ake samunsu. Wanda waɗannan jijiyoyi nasa suka taɓu, an fi samun bayan idonsa ma ya taɓu. Shi ya sa in mun ga ɗaya muke neman ɗayan. Da ka zo tun lokacin da jirin ya fara, da mun leƙa idon tun bai kai haka ba."

Wannan maganar ba ta yi mini daɗi ba. Yarinya ƙarama ta dubi furfurata ta gaya mini na makara. Har yanzu ina ganin da ta iya sassauta ta. Sai dai na juya ta ta kowace fuska ban sami inda ta yi ƙarya ba.

Abin da nake so ki ɗauka, Uwata, jiki gida ɗaya ne. Ni na raba shi ɗaki ɗaki, gumi na kai wa Ummanki, jiri na kai wa liman, ido na kai wa Habu. In kin je gaban likita ki zazzage masa duka, har wanda kike ganin bai shafi abin da ya kawo ki ba. Shi ya san waɗanda ke 'yan uwan juna.

Akwai na azumi, shi ma ki ji. Likitar ta gargaɗe ni, ta ce jijiyoyin nan su ne masu yi wa mutum kururuwa in suga ya faɗi ƙasa, ya ji rawar jiki da faɗuwar gaba ya nemi abin sa wa baki. Nawa sun yi rauni, ba lalle su yi kururuwar ba. Ta ce kada in ɗauki azumi ina kan maganin nan sai mun zauna da ita. Na ce tun ban balaga ba nake azumi, ba wata 'yar boko da za ta raba ni da Ramadan. Ban gaya wa kowa ba na ɗauka. Rannan bayan La'asar ina zaune a ƙofar gida ina jan carbi, ban ji komai ba, sai farkawa na yi na ga rufin asibiti da fuskar Ummanki ta kumbura da kuka.

Cikin masu zuwa dubiya har da limamin nan. Ya zauna a bakin gado ya karanto mini ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame, ya ce, "Baba, Wanda Ya wajabta shi ne Ya sauƙaƙa. Ƙin karɓar sauƙin ba ƙarin lada ba ne." Na juya fuska bango. Amma bana ciyarwa na yi. Na kuma koma masallacinsa, ba don komai ba, ya fi kusa. In jirin ya matsa, a zaune nake yi, ba wanda ya ko kalle ni.

Ke ga shayarwa ga suga. Kafin watan ya kama ki tambayi likita, ki tambayi malami, ki haɗa amsoshin biyu. Kada ki yi da Allah gardamar da kike yi da ni.

Sai fushi. Likita ta ce fushi shi kaɗai ba ya kawo ciwon nan, amma yana tayar da jini, jinin da ya hau kuwa yana ƙara wa waɗancan ƙananan hanyoyi nauyi. Ta ce in rage. Na ce ta gaya wa masu ɓata mini rai su rage. Ke dai kin ɗebo zuciyata, sunan mahaifiyata kawai kika ci, haƙurinta bai biyo ki ba. Legas kuma an ce gari ne da ko ba ka nemi faɗa ba zai same ka a bakin famfo. Ba kowace magana ake mayarwa ba. Ni ban iya ba, amma na ga masu iyawa, kuma sun fi ni lafiya.

Saura magana ɗaya, ita ce ma dalilin takardar.

Kin san tun bara likitar ta ce idon dama abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe saura. Na hagu kuwa ya fara, amma ana iya tare shi, in na yarda a yi mini allura a cikin idon. Kin kuma san amsata. Na ce rayuwata duka allura nake riƙewa, na san abin da take yi wa yadi, ba mahaluƙin da zai kusanto idona da ita. Kun yi magiya, ke da Ummanki da yayyenki, na ce a bar ni da Allah.

To ran Juma'ar nan da za ki fita, na bi ki har zaure na ce ki koma awon nan kafin ki tafi. Kika gyara goyonki kika ce, "Baba, ranar da ka je aka yi maka taka allurar, ni ma zan je." Kika faɗa kina dariya, don kin tabbata ba ranar. Na ji haushi ƙwarai. Na ce wa Ummanki dubi yarinyar nan, ni za ta ɗaure da igiyata.

Ran Talata na je.

Baƙin tabaran da kika gan ni da shi da kuka zo ɗaukar kaya, kika ce Baba ya zama ɗan gayu, ba na gayu ba ne. Ban kwana da daɗi ba kafin ranar, ba zan ɓoye miki ba, a adaidaita ma sau biyu ina cewa a juya. Aka kwantar da ni, aka ɗiga maganin da ya kashe wurin, likitar ta ce in kalli gefe. Na fara salati. Na ji an ɗan danna, kamar yatsa a kan fatar ido. Ban kai ƙarshen salatin ba ta ce, "Shi ke nan, Baba." Na ce, "Ki yi mana in za ki yi." Ta ce ai an gama. Idon ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi kamar yashi ya shiga, washegari ya lafa. Watanni na yi ina gudun abin da bai kai cizon cinnaka ba.

Ta ce ba sau ɗaya ba ne, zan riƙa komawa, kuma sai na riƙe sugan da hawan jinin in ana so aikin ya yi amfani. Ba ta yi mini alkawarin zan koma aska takwas ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai ce tana da kyakkyawan zato idon hagu zai zauna. Wannan ya ishe ni. Da shi nake so in ga yarinyar nan ta dawo da ƙafarta tana yi mini ɓarna a zaure.

Ke kuwa ba ki ma kai inda ake maganar allura ba. Inda na tsaya shekarun baya ina cewa ba na shan rake, nan kike tsaye yanzu, kuma daga nan hanya a buɗe take. Mutane da yawa suna nan da ciwon nan sun tsufa da idonsu garau, don sun ji magana da wuri. In kun sauka kun huta, ki sa maigidanki ya kai ki asibiti. A auna sugan. Ki ce a ɗiga miki magani a duba bayan idon, ba karatun haruffan bango kaɗai ba. Ki faɗi jirin, ki ce a auna jininki a kwance da a tsaye. In an ce ba komai, alhamdu lillahi, ki tambayi yaushe za ki dawo, ki kuma dawo ɗin.

Ba na son amsar wasiƙa, kada ki wahalar da Ummanki da karatu. Ba na son a aiko mini da turare ko yadi don a rufe mini baki. Ke kika gindaya sharaɗi da bakinki, a zauren ubana, ba wanda ya tilasta ki. Na cika nawa. Saura ke.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kiyaye miki ganinki da jinki da ƙarfinki muddin ranki. Ya raya abin da kika haifa, Ya zaunar da ku lafiya da maigidanki, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya sake tara fuskokinmu cikin alheri. Ummanki na gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule mai allura,
Yakasai, Kano.